Maganar Wutar Mota Idan Ta Saki Hanyarta

Yau maganarmu a kan wata cuta ce ta mota, wadda ta kan tsai da direba cikin duhu tsakanin Rimin Gado da gida, wani sa'i kuwa ta cinye motar ƙurmus. Masu gyara su kan ce waya ta yi shot, watau wuta ta saki hanyarta ta bi yanke.

Ku da ku ke ban ruwa a lambu kun fi kowa saurin gane wannan. Batir shi ne rijiya, waya ita ce hanyar ruwa, fitila da ham su ne fangaloli. Ƙaramar mota batirinta bolt 12 ne, manyan motocin kaya kuwa yawancinsu 24. Wuta ta kan fita ta kan batir mai alamar +, ta bi waya, ta yi aikinta cikin fitila, sa'an nan ta komo ta ƙarfen jikin motar, gama ɗaya kan batirin a jikin ƙarfen nan a ke ɗaure shi. To, in robar waya ta goge, jan ƙarfen da ke ciki ya taɓa jikin mota, sai wuta ta koma gida ba ta yi aikin kome ba, ba kuwa abin da zai tare ta. Ƙwan fitilar burki ba ya cin amfiya 2 cikakku, amma batir ya iya zubo ɗaruruwa a lokaci guda. Siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan. Sai ta yi ja, roba ta narke, ga fetur kusa.

Domin haka aka sa fis. Ɗan ƙarfe ne mai rauni, da gangan aka yi shi haka don ya tsinke kafin waya ta ƙone. Irin mai ƙafa biyu da a ke gani yanzu, tun 1976 aka fito da shi a Amurka, launinsa kuma ya na faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ga amfanin karatu, gama lambar a rubuce ta ke a kansa, murfin akwatin kuma ya kan nuna wurin kowanne.

A nan fa na ke so ku kasa kunne. Fis ya tsinke, an sa sabo ya sake tsinkewa nan take, sai wani mai gaggawa ya murɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin taba ya cusa a wurin, ko ya sa na 30 a mazaunin na 10. Fitila ta kama, fasinja su yi ta yaba masa. Wannan mutum bai yi gyara ba, mai gadi ya kora ya bar ɓarawo cikin gida. Ni a ganina, gara a kwana a gefen hanya da a shiga motar da aka yi wa haka. In kuwa kun ji ƙaurin roba, ko kun ga hayaƙi, a tsaya, a kashe inji, a sauke mutane, a kwance kan batir mai alamar −. Kullum shi a ke fara kwancewa, domin in sifana ta haɗa kan + da jikin mota, ita ma ta zama yanke.

Neman wurin ɓarna ba ya bukatar kayan tsada. Ka sami ƙwan fitila ka ɗaura masa waya biyu, ka mai da kan batir, ka soka wayoyin nan a mazaunin fis ɗin da ya tsinke, ka kunna makunnin abin da ya lalace. Muddin waya na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, shi ne kuma zai tare yawan wutar. Sa'an nan ka riƙa cire abubuwan da ke kan layin nan ɗaya ɗaya, ka na girgiza wayoyi da hannu. Inda hasken ya mutu ko ya dushe, nan ɓarnar ta ke.

Ka fara duba inda waya ta ke lanƙwasa kullum, kamar bakin ƙofa da murfin but, da inda ta ratsa ramin ƙarfe in robar ramin ta faɗi, da kusa da salansa. Gargadar hanyoyin ƙauye ita ce ke goge su sannu sannu. Motar da ke ɗaukar dawa da masara zuwa kasuwa ba ta rasa ɓera, shi kuwa ba ya raina robar waya. Da damina ruwa ya kan shiga mazaunin ƙwan baya. Kada kuma ka manta da rediyo ko ƙarin fitila da wani ya jona kai tsaye da batir ba fis.

In ka samu wurin, ka sake kwance batir. Ka yanke abin da ya ƙone duka, ka jona sabuwar waya mai kauri daidai da ta dā, ka yi mata dalma in da hali, ka naɗe da tef sosai, ka ɗaure ta nesa da kaifin ƙarfe. Sa'an nan ka sa fis mai lamba irin ta asali, in ba ya samuwa a tasha akwai shi a Ƙofar Ruwa cikin Kano. Amma in damin wayoyi ne ya narke ya manne da juna, wannan aikin mai gyaran waya ne, a ja motar a kai masa.