Gyaran yumɓu kafin ginin tukwane

 

Yau zan yi muku magana bisa gyaran yumɓu. Kowace maginiya ta san baƙin cikin ranar gashi. Kin gina tukwane sati guda. Kin sayi icce da kara. Da safe kin ture toka, sai ki tarar rabinsu sun fashe. Sai a ce laifin wuta ne. Sau da yawa ba wuta ba ce. Tun wurin kwaɓi aka ɓata aikin.

Ku dubi Mirya, kilomita 18 gabas da Damagaram. Ku dubi Bubon, bakin kogi, kusa da Yamai. Tukwanensu sun yi suna. Can ma aikin daga yumɓu yake farawa.

Na farko, haƙa. A kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, don tana da saiwa da ciyawa. Yumɓu mai kyau yana ƙasa da ita. Amma kada a yi rami mai shiga ƙarƙashin gaɓa. Irin wannan rami yana rufta wa mutum. Kada a aiki yara su kaɗai.

Na biyu, shanya da daka. A shanya yumɓu ya bushe sarai. Busasshe ya fi mai laima saurin shan ruwa. A daka shi, a tankaɗe da rariya, a fidda tsakuwa da saiwa. A kula da farar tsakuwa mai kama da alli. Bayan gashi tana shan laima ta kumbura, ta ɓantare jikin tukunya, ko da an riga an sayar. A yi daka a fili, a ba iska baya, a rufe hanci da ƙyalle. Ƙurar yumɓu tana taruwa cikin huhu, kuma ba ta fita.

Na uku, jiƙo. A zuba garin cikin tsohuwar randa ko rami mai tsabta. A sa ruwa, a rufe, a bar shi kwana 1 ko 2. Kowane ƙulli ya sha ruwa har cikinsa.

Na huɗu, haɗi. Yumɓu zalla yana tsukewa in yana bushewa, shi ke kawo tsaga. Don haka ake daka tsingaro, wato fasassun tukwane, a haɗa. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa. Wasu suna sa ƙaiƙayin gero, wasu busasshen kashin jaki, wasu rairayi. Ƙaiƙayi yana ƙonewa cikin wuta ya bar ƙananan ƙofofi. Ta nan randa take zufa, iska ta busa, ruwa ya yi sanyi. Ni mudu 3 na yumɓu nake sa wa mudu 1 na tsingaro. Amma yumɓun kowane tabki da halinsa. Ku gwada naku. Tun da kun koyi rubutu, ku rubuta awon da ya yi muku kyau, don kada ku manta.

Na biyar, cuɗa. A shimfiɗa tsohuwar fata ko tabarma. A taka da ƙafa, a ninka, a sake takawa. Sannan a yanki curi, a cuɗa da hannu kamar ƙullin fura. In yatsa ya ji tsakuwa, a cire ta. A yanka curin da zare, a duba cikinsa. In akwai rami ko wuri busasshe, aiki bai ƙare ba.

Ga gwaji mai sauƙi. A murza yumɓu kamar igiya mai kaurin yatsa, a naɗa ta bisa yatsa. In ta tsattsage, haɗi ya yi yawa, a ƙara yumɓu. In tana manne wa hannu, a ƙara tsingaro. In ta lanƙwasa lafiya, ya yi. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ya kwana, gobe a fara gini.

Ƴan uwa, yanzu roba ta cika kasuwa. Wadda ta sayi randarki ta tsage cikin wata guda, ba za ta komo wurinki ba. Yini guda na gyaran yumɓu ya fi hasarar gashi guda. Mu koya wa ɗiyanmu wannan tun suna ƙanana.

Allah ya sa albarka cikin sana'armu.