Ciwon da Gwajin Jini Ba Ya Nunawa

Daga nan Roni har Kazaure, da wuya a sami ma'aikacin asibitin da bai taɓa karɓar irin wannan mara lafiya ba, kuma galibi mace ce. Kafaɗa ciwo, ƙugu ciwo, cinyoyi ciwo, wata da watanni. Ta kwana ta tashi da gajiya kamar ba ta runtsa ba, ta ɗora tukunya ta manta ko ta zuba gishiri. A ɗebi jini a ce babu maleriya babu taifod, sai ta koma kyamis. A gida kuwa an riga an yanke hukunci: wasu su ce sanyi ne, wasu su ce sammu, uwar miji ta ce raki ne da son jiki. Likitoci suna kiran wannan ciwo faibromayaljiya. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin gane shi, ta sabunta su a 2010, kuma ana ƙiyasta yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100. Tsoka da ƙashi lafiyarsu ƙalau. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, har ɗan matsi ya zama azaba.

Hujjata ta taso daga nan. Tunda a ƙwaƙwalwa ake auna zafi, to fargaba, rashin barci da zargin kai suna rura shi. Matar da aka daɗe ana ƙaryata ta, ita ma takan fara ƙaryata kanta. Ran da ta ji dama-dama sai ta haɗa daka, wanki da ɗiban ruwa don ta wanke kanta daga gori, gobe ta kasa ɗaga hannu, gorin ya dawo sabo. Wannan da'irar ce maganin natsuwa da tausayi yake nufin karyawa. Jon Kabat-Zinn ya fara shirin natsuwa na mako 8 a Jami'ar Massachusetts a 1979, inda ake koya wa mutum ya bi numfashinsa, ya lura da gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ɗaure jiki don tsoro ba. Paul Gilbert a Ingila ya gina hanyar tausayi saboda masu fama da jin kunya da tsangwamar kai, wato mutum ya koyi yi wa kansa magana da muryar da zai lallashi ƙanwarsa mara lafiya. A Saragosa ta ƙasar Sifen, ayarin Javier García-Campayo ya gwada irin wannan a kan masu ciwon, aka ga sun fi waɗanda aka koya wa sakin jiki kawai samun sauƙin gudanar da rayuwa.

Wani zai ce, ashe dai ciwon a zuci yake, uwar miji ta yi gaskiya. A'a. Mai hawan jini ma ana hana shi ɓacin rai, kuma ba wanda ya ce ƙarya yake. Wani malami zai ce asalin wannan horo daga addinin Buddha ne. Tarihinsa haka yake, amma abin da ake yi a asibiti bin numfashi ne da lura da jiki, babu bauta a ciki, kuma mu da ke neman natsuwa a salla sau biyar a yini, muka san jiki na da haƙƙi a kan mai shi, ba baƙi ba ne a nan. Haƙurin da addini ya yaba bai hana faɗin inda ke ciwo ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta likitoci: bincike-binciken ƙanana ne, kuma ciwon ba ya warkewa da wannan. Na yarda. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya sami goyon baya mai ƙarfi, natsuwa kuwa mai rauni. Amma magungunan sha irin su amitriptyline da pregabalin ma a wannan matakin mai rauni aka ajiye su, kuma mun ga abin da tiramadol ya yi wa matasan Arewa. Don haka tsarin da nake ganin ya dace da Roni, Gwiwa da Ɓaɓura shi ne likita ya fara tabbatar da ba sikila ba ce, ba ciwon maƙoƙo ko amosanin gaɓoɓi ba. Daga nan ma'aikaciyar lafiya da aka horar ta tara mata goma a kan tabarma a asibitin gari, sau ɗaya a mako, a haɗa da tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan. A zama ɗaya aƙalla, a gayyato miji da uwar miji su ji bayanin ciwon daga bakin ma'aikaciyar.