Amsoshin Wasiƙunku: Tsohuwar Amfilifayar Masallaci Ba Ta Kan Sikeli Ba Ce

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Bakori, kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, daga hannun ma'ajin kwamitin masallacinsu. Ya ce suna da amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa muryar ladan ƙarfi kafin ta fita ta lasifika. Iyayensu ne suka saye ta da kuɗin auduga, zamanin aikin bunƙasa noma na Funtuwa wanda aka fara a 1975. Bara ta soma gurnani, bana kuma ta yi ƙauri ta yi shiru. Samari sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a kafa asusun sabuwa, dattawa sun ce ba da su ba. Ga azumi na matsowa, ga shi kuɗin da za a karɓa hannun jama'a kuɗin takin baɗi ne. Ya ce in raba musu gardama.

To Malam Ma'aji, Allah ya saka da alheri. A taƙaice, kada ku ɗora ta a sikeli tukuna. Ni ba injiniya ba ne, aikin malanta na koya. Sai dai tun ina ɗalibi nake raɓar shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a Funtuwa, har abin ya zame mini kamar yadda kiwon tantabaru yake ga wasu. Yanzu haka akwai matattun akwatuna a ɗakin baƙina suna jiran Asabar, uwargida kuwa ta gaji da magana.

Ku ɗaga akwatin nan ku ji nauyinsa. Nauyin na taransifoma ne, ƙarfe da jan waya, kuma shi kaɗai ɗan gwangwan yake so. Irin waɗannan tsofaffi, ko Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, kayan cikinsu manya ne, ido na ganinsu, kowanne ana narka dalmarsa a cire a sa wani. Da yawa daga cikin masu arha na yanzu an cushe kome a ɗan allo guda, in ya ƙone sai a nemi allon gaba ɗaya. Ban ce duk sabuwa banza ce ba. Akwai masu kyau, wasu ma sun fi tattalin batir, abin da zai amfani mai aiki da sola.

Gurnanin da kuka ji bara, galibi kafasita ce. Wasu 'yan gwangwanaye ne a tsaye a ciki, aikinsu tace wuta ta zama sumul. Akwai ɗan ruwan magani a cikinsu, zafin bazara shekara da shekaru yana busar da shi, wani lokaci har ka ga kansu ya kumbura. Canza su ba wani abin tashin hankali ba ne, da an yi tun bara da an huta.

Ƙaurin shi ne ya fi damuna, kuma a nan zan yi muku tambayar da ba ku amsa ba a wasiƙa: lasifika nawa ke kan hasumiyarku yau, nawa ne kuma ranar da aka sayo ta? Na san halinmu. Gari ya ƙaru, mutanen sabuwar unguwa sun ce ba su jin kiran asuba, sai wani bawan Allah ya sayo ƙaho guda a ɗaura a kan wayar da ke nan. Bayan shekara biyu a ƙara wani. Ku juya bayan akwatin, za ku ga kusoshi an rubuta 4, 8, 16. Kowace lasifika ma da tata lambar a jikinta. In kun haɗa biyu masu 16, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 8. In huɗu ne sun koma 4. Yadda lambar ke raguwa haka kayan ke ƙara nauyi a wuyan akwatin, don haka dole waya ta koma kan kusar da ta dace. Wanda ya bar ƙaho huɗu a kan kusar 16, daidai yake da wanda ya ɗora wa jaki guda buhun masara huɗu ya kama hanyar kasuwar Dandume. Zai taɓa tafiya, amma ba zai kai ba. Abin da ke ƙonewa shi ne manyan taransistan da ke manne da ƙarfen sanyaya a baya. In akwatin yana da kusar da aka rubuta 100V, ita aka yi domin ƙaho da yawa da waya mai nisa, amma sai kowane ƙaho yana da tasa ƙaramar taransifoma.

Sai fis. Wannan ɗan kwalbar mai siririyar waya an yi shi ne ya mutu domin sauran su tsira. Mu kuwa da ya tsinke sai mu naɗe shi da waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Ba wani nake zagi ba, ni ma na yi. Ranar sunan ɗan wana, ina saurin kada a ji kunya, na ɗaure fis da waya, aka tada janareta. Ba a gama addu'a ba hayaƙi ya turnuƙe rumfa. Abin da ya fi ƙarfin fis sai ya faɗa wa taransifoma, akwatin kuwa na aro ne. Ko ita taransifomar in ta ƙone, masu naɗin kwayil na fanka da janareta suna iya sake naɗa ta, sai dai kuɗin ya fara yawa.

Kafin ku ɗauki akwati zuwa gari, ku sa yaro mai hankali ya hau ya duba. Zanzaro kan yi gini a maƙogwaron ƙaho. Ɓera kan cinye rigar waya, tsirara biyu su haɗu, wannan kaɗai ya isa ya kashe akwati. Masu tallar magani da masu shela a kasuwa, ku da ke aiki da batirin mota mai bolt 12, ku kuma naku ciwon juya kan batir ne cikin duhu. Ku ɗaura jan ƙyalle a wayar da ke zuwa kan mai alamar +.

Gargaɗi guda, don Allah a riƙe shi. In kun leƙa ta ramukan murfi kun ga kwalabe a jere kamar ƙwan fitila, to mai bawul ce, irin ta kafin taransista, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ya game duniya. Wannan tana riƙe wuta ta ɗaruruwan bolt a cikinta ko bayan an zare ta daga soket. Kada kowa ya sa hannu. Kada kuma a kunna ta babu lasifika a haɗe.

Idan kun je wurin mai gyara, ku nemi dattijon da ke sa mita yana aunawa, ku guji mai ɗanɗana waya yana cewa a sayo wannan a sayo wancan. Ku gaya masa yawan ƙahonku da lambobinsu. Ku ce ya ba ku duk abin da ya cire a leda, kwamiti ya gani. Taransistan jabu sun yi yawa, masu lamba daidai amma cikinsu ba ƙwari, saboda haka a bar shi ya zaɓo da kansa ko da zai aika Sabon Garin Kano, kuma a kunna ta a shagonsa ta yi awa guda tana magana kafin ku biya.

In ya auna ya ce ta wuce gyara, to samari sun yi gaskiya, a kafa asusu. Ko a nan ma ku sayar wa mai gyaran, domin shi zai ciri kayan da zai tada ta wani ƙauyen, zai kuma fi mai sikeli saye. Sabuwar ma a lissafa mata ƙahonta tun ranar farko.

Malam Ma'aji, ina jiran wasiƙarka ta biyu. Ka rubuto mini sunan akwatin, da lambar da ke bayansa, da yawan lasifikan da ke kan hasumiya. A gaida Liman da sauran dattawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.