Amsoshin Takardunku: Ina amfanin gangami domin yara 'yan gudun hijira?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Birnin Gwari. Yana tambaya, wai jerin gwanon da ake yi a birane, yara riƙe da kwalaye domin 'yan'uwansu da rikici ya raba da gida, ina amfaninsa ga yaron da aka koro daga ƙauye?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin yana da asali. Ran 16 ga Yuni 1976 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Soweto, Afirka ta Kudu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. A 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta mai da ranar ta zama Ranar Yaran Afirka. Mu kuma nan Nijeriya muna da 27 ga Mayu.

Kwali dai ba ya cika ciki, wannan gaskiya ne. Aikinsa shi ne hana hukuma mantuwa. Ka tuna gangamin da aka yi ta yi bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, yadda ya tilasta wa duniya maganar tsaron makarantu. A 2015 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo. Tun 2012 kuma ta amince da yarjejeniyar Kampala, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin kula da wanda aka kora daga gidansa cikin ƙasarsa. Alkawari ne a takarda, sai an tashi an bi bashinsa.

Ku ma kuna da abin faɗa. A Mayun 2018 an kashe mutum fiye da 40 a Gwaska. A Maris 2021 an sace malamai 3 a firamaren Rama. A Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, cikin Chikun, maƙwabtanku. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu, amma buɗe kasuwa ba ya mayar wa yaro shekarun karatun da ya rasa.

Saboda haka in za ku yi naku gangamin, ku fara da ƙidaya. Kowace unguwa ta rubuta yara nawa suka zo, daga wane ƙauye, wa ke riƙe da su, aji nawa suka tsaya. Ku kai wa mai unguwa da hakimi, a miƙa wa masarauta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ku nemi abu takamaimai: gurbi a aji, takardar haihuwa, allurar rigakafi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole.

Ku yi shi ranar kasuwa, cikin gari, da sanin hukuma. Kada a fita da yara bakin daji, kada a sa maraya ya ba da labarin kisan ubansa a bainar jama'a. Kai kuma ɗan kasuwa da ka ɗauki yaro ɗan gudun hijira aikin shago ko dako, bar masa safiya ya je makaranta.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.