Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Maganar Katin Shaida

Iyayena makiyaya, da yayyena fatake, da uwayenmu mata masu kai kaya kasuwar Malanbil. Wannan mako maganarmu a kan katin ɗan ƙasa ce, abin da mu a nan bakin ruwa muke kira kartidantite.

Kowa ya san yadda hanya ta canja. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Binin ta buɗe nata ɓangare a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. Ga kuma matsalar tsaro a yankin dajin W, wadda ta sa bincike ya ƙaru a kan hanya. A da, in an tsayar da kai, sai ka ce ni ɗan wane ne, wani ya shaide ka, ka wuce. Yau ma'aikacin da ya tsayar da kai wataƙila daga Kotonu aka turo shi, bai san mahaifinka ba. Takarda kawai zai duba. In babu ita, albasarka tana cikin rana tana laushi, shanunka suna tsaye babu ruwa, kai kuma kana ta rantsuwa.

To ina ake farawa? Ga ɗan Binin, tushen komai lamba ce. Daga ƙarshen 2017 zuwa 2018 gwamnati ta yi rajistar jama'a da ake kira RAVIP, aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Duk wanda aka rubuta yana da lambarsa shi kaɗai, NPI, wadda za ta bi shi har ƙarshen rayuwa. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki sunanta ANIP. In rajistar ta wuce ka kana daji da dabbobi, ƙofa ba ta rufe ba. Ka je ma'aikatar magajin gari ka tambayi biron ANIP. In ba ka da takardar haihuwa, ka faɗa musu tun farko, su gaya maka hanyar da za ka bi.

Da lambar nan ake fitar da sauran takardu: takardar haihuwa sabon samfuri, da takardar shaida da ake kira CIP, da kuma babban kati mai tambarin CEDEAO. Wannan babban katin jika shida ne, wato sefa 6,000, yana aiki shekara 5, kuma shi ne na mai ƙetare iyaka. Ka biya kuɗinka inda hukuma ta ce, ka karɓi rasit. Masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa kawo in yi maka da sauri, ku yi hattara da su. Yatsunka ake so, ba na ɗan kamasho ba.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan zauna, don nan ne mutanenmu suka fi shan wahala: suna. Mutum ɗaya, a ruga ana kiransa da laƙabi, a kasuwar shanu ta Gene an san shi da sunan ubangidansa, ranar suna kuwa Umaru aka raɗa masa. Ya zo biro, wannan ma'aikaci ya rubuta Oumarou, wancan ya rubuta Oumar. A wata takarda sunan mahaifi ne a gaba, a wata kuma sunan kaka. Shekarar haihuwa kuwa an ƙiyasta ta ne, yau a ce 1980, gobe a ce 1983. A wurinka duk kai ne. A wurin kwamfuta mutum biyu ne, kuma ba ta jin rantsuwa. Ranar da za ka sabunta kati, ko ka nemi fasfo don aikin Hajji, ko layin wayarka ya ɓace da kuɗin cinikinka a ciki, ranar ce harafi ɗaya zai tsayar da kai.

Saboda haka, kafin ka bar gaban ma'aikaci, ka sa a karanta maka abin da aka rubuta: sunanka, na mahaifi, na mahaifiya, ranar haihuwa da garin haihuwa. In ba ka karanta boko, tafi da yaronka ɗan lakkal, babu abin kunya a ciki. Kuskuren da aka gani nan take gyaransa sauƙi ne. Wanda ya kwana shekaru sai an yi ta zarya.

Sai maganar masu takardun ƙasa biyu. Mun sani, a nan uwa tana Gaya, uba yana Malanbil, kawu yana Kamba ta Nijeriya. Amma a ce sunanka daban a katin Nijar, daban a na Binin, shekaru ma daban, wannan a lokacin da muke ciki jawo wa kai zargi ne. Ko wace takarda kake riƙe da ita, bayaninta ya zama ɗaya, kuma ya zama gaskiya.

'Yan'uwanmu na Nijar kuma, ƙasarku ta fita daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta har sai an ba da wata sanarwa. Amma wannan rangwame ba ya rayar da katin da wa'adinsa ya ƙare.

Nan ne maganar sabuntawa ta shigo. Ciro katinka yau, ka sa a duba maka ranar da zai mutu. In saura 'yan watanni, fara neman sabo, musamman kai da za ka yi nisa da garke, ko kai direban kamiyo mai hanyar Kandi da Paraku. Direba ya haɗa da farminsa, ya tabbata sunan da ke kai ya yi daidai da na kati. Ku rubuta lambar NPI a wata takarda ku ajiye a gida, katin kuma a sa shi cikin leda, don kwale-kwale ba ya alkawari. In ya ɓace, a sanar da 'yan sanda da wuri, kada wani ya yi ɓarna da sunanka.

Uwaye mata, ku ma kowace ta yi nata, katin maigida ba zai ƙetare da ke ba. Jaririn da aka haifa kuma a yi masa takardar haihuwa da an gama suna, kada ya gaji wahalar da muke ciki.

Allah ya tsare hanya, ya ba da ciniki mai albarka, ya yalwata kiwo. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.