Tafarnuwa da kanumfari a gurbin kihi: magani sai da awo

Wani ma'aikacin ruwa da daji ya tara masu kiwon kihi na wani gari kusa da tabkin Madarunfa. Tun da bazara ta kama, kihinsu ke ta mutuwa. Ga jawabin da ya yi musu.

 

Mai kiwon kihi yana shan wahala wata shida. Ya sayi ƴaƴan kihi, ya sayi abinci, ya ja ruwa. Sai wata sahiya ya tarda tarwaɗa sun taso, ciki sama. Cikin kwana uku, wahalar wata shida ta tahi banza. Ruwa ba ya tsami banza: wagga hasara tana da mafari.

Mi ke kashe kihi?

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ana ce musu bakteri. Ɗaya daga cikin masu ɓarna ga tarwaɗa sunanta Ayeromonas. Kullum tana cikin ruwa, ko da ruwan ya yi garau. Kihi mai ƙarhi ya kan tsira daga gare ta. Amma in ruwa ya ƙazanta, ko kihi sun yi yawa wuri guda, ko an ji musu rauni wajen kamu, sai ta samu ƙofa. Ga alamunta: jan gyambo bisa fata, ciki ya kumbura, wutsiya ta zagwanye, kihi ya bar ci.

Wata kuma sunanta Sitireptokok. Ta hi kama karfasa lokacin zahi, in ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 30. Idon kihi ya kan bulluƙo waje, ya yi ta juyi kamar mai hajijiya.

Kapsol na kasuwa

In kihi ya fara mutuwa, mutane da yawa suna sayen kapsol na tetrasikilin ga masu talla, su kwance, su zuba cikin ruwa ba awo. Wanga aiki yana da lahani biyu. Na farko, maganin yana kashe ƙwayoyi masu rauni, masu ƙarhi su saura su hayayyafa. Gobe ko an zuba, ba ya ci. Na biyu, sauran maganin yana zama cikin naman kihi, iyali su ci. Ƙwayoyin da sunka saba da magani suna iya kai ga mutum, ranar da yaro ya kwanta asibiti maganin ya ƙi aiki. Irin wanga tsoro ya sa ƙasashen Tarayyar Turai sunka hana sa irin waɗanga magunguna cikin abincin dabbobi don ƙiba, tun shekarar 2006.

Abin da masana sunka gano ga itatuwa

Tafarnuwa, irin wadda ake nomawa garake na Ayar, tana da wani sinadari mai suna alisin. A shekarar 1944 anka fara ware shi, ƙasar Amurka. Ba ya hitowa sai an daka tafarnuwa, kuma wuta tana ɓata shi.

A shekarar 2009, masu bincike na ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, sun bayyana wani gwaji da sunka yi da kihin ruwan sanyi na ƙasarsu. Sun raba kihi kashi-kashi. Waɗansu sun ci abinci mai tafarnuwa, giram 5 zuwa 10 cikin kilo guda, har kwana 14. Waɗansu ba su ci ba. Sannan anka sa musu Ayeromonas duka. Waɗanda ba su ci ba, mahi yawansu sun mutu. Waɗanda sunka ci, kaɗan sunka mutu. A lura da kyau: tun kihi na da lahiya anka ba su tafarnuwa.

Akwai kuma man ƙamshi da ake tatsa daga itatuwa da tururi. Man kanumfari yana da sinadarin ujenol. Man za'atar, wani ganyen ƙamshi na ƙasashen Larabawa, yana da timol da karbakurol. Waɗanga sinadarai suna huda fatar bakteri, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu. Citta da zogala su ma an gwada su cikin abincin kihi don ƙarin ƙarhin jiki.

Amma ɗakin bincike dabam, gurbin kihi dabam. Abin da ya kashe ƙwayar cuta cikin ɗan faranti ba lalle ya warkar da kihin da gyambo ya riga ya ci ba. Kihin da ya bar ci kuwa, maganin da ke cikin abinci ba ya isa gare shi.

Ba kowane icce ne magani ba

Masunta sun san magimfa, sun san ɓawon aduwa. In an daka an zuba cikin ruwa, kihi ya kan taso a mace. Dogon yaro yana kashe ƙwayoyin cuta, amma in ya yi yawa yana kashe kihi, balle ƙanana. Man kanumfari, da shi masana ke sumar da kihi in za su auna shi ko su yi masa allura. In awo ya wuce, kihin ba ya farfaɗowa. Don haka kada kowa ya tsiyaya man ƙamshi cikin gurbi da ka.

Abin da ya kamata mai kihi ya yi

1. Ya riƙa sake ruwa, ya kwashe sauran abinci tun bai ruɓe ba.

2. Kada ya cika kihi wuri guda. Ya kama su da sannu, da sanyin sahiya.

3. Kahin zahin bazara ya tsananta, ya daka ɗanyar tafarnuwa giram 10, ya gauraya da kilo guda na abinci da ɗan man gyaɗa. Ya shanya cikin inuwa. Ya haɗa na yini guda kawai.

4. Ya fara gwadawa ga kihi kaɗan cikin wani mazubi dabam, ya ga yadda sunka karɓa.

5. Ya ware marasa lahiya. Matattu ya bizne su nesa da ruwa, kada a ci, kada a kai kasuwa. Mai rauni a hannu kada ya taɓa su, don Ayeromonas tana shiga raunin mutum. A wanke hannu da sabuni.

6. In mutuwa ta yi yawa, ya je maza ga ma'aikacin ruwa da daji ko likitan dabbobi. Su ne za su ce ko ana bukatar maganin asibiti, da awonsa, da kwanakin da za a jira kahin a saida kihin.

Tafarnuwa mataimakiya ce, ba ta gyara ruwan da ya ruɓe. Wanda ya ji jawabin ga, ya kai ma maƙwabcinsa da bai zo ba. Allah ya ba da sa'a.