Daddawa da Nono: Tsami Ba Lalacewa Ba Ne



Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, to amma abin da muke saye da sayarwa ya kamata mu san kansa. Yau maganarmu a kan daddawa take, da 'yar'uwarta nono.

Kowa ya san ɗorawa. Yara su sha garin, mata su tara kalwa. Su dafa ta wuni guda, su surfa, su wanke, su sake dafawa, sannan su rufe ta kwana biyu zuwa uku. To, me ke faruwa a cikin rufin nan? Masana sun bincika sun ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya, suke aikin. Wadda ta fi yawa a daddawa sunanta Bacillus subtilis, ita ce kuma mutanen Japan ke yin wani abincinsu na waken soya da ita. Ita ke tausasa kalwa, ta fito da ƙamshi, ta sa abin gina jikin da ke ciki ya narke a cikinmu ba wahala.

Nono kuwa wasu ne daban, masu kawo tsami. A 1907 wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, ya yi rubutu a Faransa kan amfanin nono mai tsami ga hanji. A 2001 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta tara suka ba irin waɗannan halittu ma'ana: masu rai, waɗanda in an ci isassu suke amfanar jiki. Kakanninmu ba su san sunan ba, amma sun san aikin.

Sai dai a lura, jama'a. Daddawa tafasa ta muke yi a miya, saboda haka ribarta mafi yawa an riga an samar tun a wurin rufi. Masu rai a kindirmo muke samunsu. A nan ne kuma haɗarin yake. Garinmu Potiskum garin shanu ne, nono ba ya yankewa, amma madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. A dafa madara tukuna, ta huce, a ɗiga tsohon nono mai kyau, a rufe. Kada a tsinka da ruwan da ba mu yarda da shi ba. Sau nawa muka kwana da yaro yana gudawa muka ɗora wa nono laifi, alhali ruwan ne ko ƙwaryar?

Abu na ƙarshe. Mu da kanmu muka cika shaguna da ɗunƙulen kanti, mai yawan gishiri, har 'ya'yanmu mata suna toshe hanci in sun ji daddawa. Gatari kuma yana cin ɗorawa a daji. In itacen ya ƙare, sana'ar zawarawa da tsofaffinmu ta tafi ke nan.

Roƙonmu biyu ne: kowane mai shago a cikinmu ya ba daddawar matanmu wuri a teburinsa, kowace uwa kuma ta koya wa 'yarta rufin kalwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.